Ina neman littafin da ya bi ƙaramin soja, ba sarki ba, a yaƙe-yaƙen Turai na da

Ɗan Bariki, Bauchi

Assalamu alaikum jama'a. Tambaya gare ni ga masu karatun tarihi a cikinku, amma sai na ɗan yi shimfiɗa kafin ku gane abin da nake nema.

A bariki aka haife ni, a bariki na yi wayo. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya shiga soja a 1968 ana tsakiyar Yaƙin Basasa, ya bar aiki da igiya biyu, wato kofur. Har ya koma ga Mahaliccinsa bai taɓa zaunar da mu ya ba mu labarin fagen daga ba. In ka matsa masa sai ya ce, "Yunwa da tafiya da jira, shi ke nan yaƙi," ya ɗauki butarsa ya fita. Abin da ya bari wani akwatin ƙarfe ne kore. A ciki akwai littafin albashinsa da ruwa ya taɓa, da cokali guda da aka lanƙwasa wa mariƙi don ya shiga aljihu, da wasiƙu huɗu da ya aiko wa Innarmu daga bakin daga. Wani abokinsa ne ya rubuta masa su, don a lokacin bai iya boko ba. Na karanta su ya fi a ƙirga, babu inda aka ambaci harbi. Maganar gishiri ce, da takalmin da ya yage, da ciwon ƙafa, da tambayar ko kuɗin da ya aiko sun iso, sai kuma "a shafa mini kan yaro."

Ni malamin lissafi ne a wata sakandare. Da hutun da ya wuce na tsaya wurin masu littattafan gwanjo a gefen kasuwar Wunti ina duba wa ɗalibaina wani littafi, sai idona ya faɗa kan wani tsoho wanda bangonsa ya rabu. The Thirty Years War ne, na wata Baturiyar Ingila, C. V. Wedgwood, wanda ya fara fitowa a 1938. Labarin yaƙin da aka shekara 30 ana gwabzawa a ƙasar Jamus ne, daga 1618 zuwa 1648. Na saya, na liƙe bangon da gam, na cinye shi cikin mako uku da fitila mai caji.

Matar ta iya rubutu, wannan ba musu. Tun daga ranar da aka jefo wakilan sarki ta taga a birnin Prague har zuwa sulhun Westphalia da ya kawo ƙarshen yaƙin ba ta bar ni na yi gyangyaɗi ba. Sai dai littafin na manya ne: sarakuna, 'ya'yan sarakuna, limaman coci, janar-janar irin su Wallenstein da Tilly, da sarkin Suwidin Gustavus Adolphus. Duk inda ta ce runduna ta tashi daga wannan gari ta sauka a wancan, sai in ajiye littafin in yi shiru. Su waye waɗannan mutanen? Me suka ci da safen nan? Wa ya ɗinke musu takalmi? Matansu suna ina? Wa ke rubuta musu wasiƙa?

To abin da nake nema ke nan. Littattafai a kan Turai daga wajen 1500 zuwa 1750 waɗanda suka sauko ƙasa wurin ƙaramin soja: yadda ake ɗaukarsa, albashinsa, abincinsa, iyalinsa, rauninsa, da abin da ke zama makomarsa in ƙarfi ya ƙare. In akwai wanda sojan ne da kansa ya rubuta, shi na fi so. Turancin Ingilishi kaɗai nake ji. Allah ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Malamin Tarihi, Gombe

Wa alaikumus salam, Malam Ɗan Bariki. Allah ya jiƙan Baba, ya kai haske kabarinsa. Kalmominsa uku ɗin nan, wallahi akwai manyan littattafai da suka cika shafi 400 don su faɗe su.

Fara da Geoffrey Parker, The Army of Flanders and the Spanish Road, na 1972. Kada sunan ya tsorata ka. Sarkin Sifaniya na yaƙi da 'yan tawaye a ƙasar da yau ta zama Holan da Beljiyam, teku kuma ba ta da aminci, don haka sai sojansa su taso daga Milan a Italiya su hau duwatsu da ƙafa, tafiyar fiye da kilomita 1,000, kusan kamar a ce daga Legas zuwa Bauchi. Janar ɗinsa, Duke na Alba, ne ya fara bin hanyar da mutum kusan 10,000 a 1567. Parker ya bi su zango-zango kamar fatake: wane ɗan kwangila zai kawo burodi, wane gari zai ba da masauki, alfadarai nawa za su ɗauki kaya. A can ne za ka ga an yanka wa kowane soja burodi laba ɗaya da rabi a rana, ana cirewa daga albashinsa. Kai mai lissafi ne, ka buga da kanka: runduna mai mutum 30,000 na bukatar burodi wajen tan 20 kullum safiya. Ka ga dalilin da runduna ba ta iya daɗewa a wuri ɗaya sai ta cinye yankin kamar fara.

Babin da ya fi tsaya mini a rai shi ne na bore. Tsakanin 1572 da 1607 sojojin nan sun yi bore fiye da sau 40, kusan duka a kan bashin albashi, wani na shekara biyu, wani ya fi. Kuma ba hauka suke yi ba. Sai su kori hafsoshinsu, su zaɓi shugaba daga cikinsu, su naɗa masa 'yan majalisa masu sa masa ido, su kama wani gari su zauna, su kafa doka mai tsanani a junansu, sannan a zauna a yi lissafin kowa kwabo-kwabo. Amma in tura ta kai bango abin kan munana. A 1575 baitulmalin Sarki Philip na Biyu ya karye, a Nuwamban 1576 sojojin da ba a biya ba suka afka wa birnin Antwerp suka kashe dubban mutane. Shi dai wannan littafi ya kawo labarin asibitin soja da aka buɗe a Mechelen a 1585, wanda ake gudanarwa da ɗan abin da ake yanka daga albashin kowane soja duk wata.

Amma mutumin da kake nema da gaske sunansa Peter Hagendorf. Ƙaramin sojan haya ne a wannan yaƙin da ka karanta. Wani masanin tarihi, Jan Peters, ya tsinci littafin da ya rubuta da hannunsa a wani ɗakin karatu a Berlin, ya buga shi a 1993. Ya ƙunshi 1625 zuwa 1649, an kuma bi sawun garuruwan da ya lissafa aka ga ya taka fiye da kilomita 22,000. Ka kwatanta da zuwa Gombe daga Bauchi sau ɗari da wani abu, a ƙasa, da kaya a baya, da mata da jariri a gefe.

Rubutunsa kamar wasiƙun Baba ne. Ba ya gaya maka wa ke da gaskiya a yaƙin. Yana gaya maka inda burodi ke da kyau, inda ya ga injin niƙa mai ban sha'awa, inda aka yi fashin kayansa. Akwai inda ya ce ranar Juma'ar da Kiristoci ke azumi sun samu burodi da nama har sun ture, ranar Lahadin bikin Ista kuwa ko loma ɗaya ba su gani ba. A 1633 'yan Suwidin suka kama shi suka sa shi cikin rundunarsu, ya ci gaba da aiki. Bayan yaƙin Nördlingen a 1634 ya sake komawa ɓangarensa na farko, ya ci gaba da aiki. Bai ɓata tawada wajen bayani ba.

A Magdeburg, Mayun 1631, inda aka hallaka mutum wajen 20,000, an harbe shi sau biyu a bakin ƙofar gari. Aka kai shi bukka rai a hannun Allah. Matarsa Anna ta bar masa 'yarsu marar lafiya, ta kutsa cikin garin yana ci da wuta don ta samo shimfiɗa da tsumman ɗaure rauni, ta kuma dawo da su. Da yamma abokan aikinsa suka zo dubiya, kowa ya ajiye masa ɗan abin da ya samu. 'Ya'ya huɗu ta haifa masa, duk suka mutu suna ƙanana. Duk wanda ya mutu sai ya rubuta addu'a layi ɗaya, ya zana alamar gicciye, ya sa lamba: 1, 2, 3, 4. A 1633 ita ma ta bi su a Munich. Ya sake aure, kuma da wani ɗansa ya rayu ya isa karatu, sai ya ajiye shi wurin wani malamin makaranta yana biya duk shekara, bai ɗauko shi ba sai da aka yi sulhu.

Fassarar Ingilishi tana cikin The Thirty Years War: A Documentary History na Tryntje Helfferich, 2009. Ina da shi. In ka yarda zan ba direba a tasha ya kawo maka aro. Littafin Peter Wilson, Europe's Tragedy, shi ne cikakken tarihin yaƙin na zamaninmu, amma ya kusa shafi 1,000, ka bar shi sai daga baya.

Tsohon Saje, Yelwa

Ɗan Bariki, ɗana, Allah ya yi maka albarka da ka riƙe akwatin nan. Cokalin da ka faɗa na san shi, ni ma ina da irinsa. Soja na iya yar da bargo, ba ya yar da cokali.

Ni ba mai zurfin karatu ba ne kamar Malam, amma wani hafsa da na yi aiki ƙarƙashinsa ya bar mini littafi ɗaya da zai tafi, The Military Experience in the Age of Reason na Christopher Duffy. Ya ɗan gangaro ƙarshen zamanin da ka ambata, shekarun 1700. Na shekara ina bin sa a hankali da ƙamus. Abin da ya kama ni shi ne maganar gudu daga soja. Sarkin Prussia, Frederick, har umarni ya rubuta wa janar-janar ɗinsa: kada a yi sansani kusa da daji, a guji tafiyar dare, in za a ɗebo ruwa ko itace a tafi a jere da hafsa a gaba. Ba don tsoron abokan gaba ba, don kada nasa su sulale. Wanda aka kama kuwa sai a jera sojoji layi biyu kowa da tsumagiya, a tuɓe masa riga ya bi ta tsakiya, ya je ya dawo. Akwai wani ɗan Suwizalan, Ulrich Bräker, da aka yaudara aka sa shi soja, ya jira har aka kaure da faɗa a Lobositz a 1756 ya ajiye bindiga ya miƙa kansa, ya koma ƙauyensu ya rubuta tarihinsa.

Sai maganar fareti. Yaran yanzu na ganin wahalar banza ce. Bindigar shekarun 1600 ta fi bindigar tokar maharbanmu wuyar sha'ani. Igiya ce mai ci da wuta kamar lagwani a hannunka, albarushi rataye a ƙirjinka, mutum a damanka mutum a hagunka. A 1607 wani mai zane a Holan, Jacob de Gheyn, ya fitar da littafi ya raba ɗura bindiga da harba ta zuwa motsi 42, kowane da hotonsa. Wanda bai taɓa jin harsashi ya wuce kunnensa ba ba zai gane ba. A wannan lokacin kai ba ya aiki, hannu ne ke tuna abin da aka koya masa.

Abu ɗaya nake so Malam ya duba mini. A littafin nan na ga kamar an ɗauka bulala ce kaɗai ke tsayar da soja a layi. Ni ban yarda ba. Na taɓa zama wata huɗu a wani wuri, ba zan faɗi ina ba, alawus bai zo ba, garin kwaki muke jiƙawa. Ba wanda ya gudu a cikinmu, kuma ba tsoron hukunci ya hana ba. Kunyar na kusa da kai ce. Ta yaya za ka tafi ka bar wanda kuka raba ƙulli-ƙuli ɗaya jiya?

Malamin Tarihi, Gombe

Baba Saje, ranka ya daɗe, ka riga masana isa wurin. Ilya Berkovich ya rubuta Motivation in War a 2017 don wannan magana taka. Ya tattara wasiƙu da tarihin ƙananan sojoji na shekarun 1700 masu yawa, ya nuna mutunci da zumuncin 'yan ɗaki ɗaya da addini sun riƙe su fiye da yadda aka daɗe ana zato.

Kuma ga wanda zai sa ka murmushi. Wani ɗan Sikotlan, Robert Monro, wanda ya yi wa Suwidin yaƙi ya buga littafinsa a 1637, ya ce yana kurtu a Paris ya makara bai fito atisaye ba. Aka tsayar da shi gadi a ƙofar fada daga ƙarfe 11 na safe zuwa 8 na dare, cikin sulke da kwalkwali, a tsakiyar zafi. Ya ce daga ranar bai ƙara wasa da horon na ƙasa da shi ba. Sojojin bogi ma, mutanen wancan zamani sun san su. Kyaftin kan yi hayar 'yan gari ranar ƙidaya, ya sa musu kaya su tsaya a layi, ya karɓi albashinsu ya zuba aljihu. John Lynn ya yi bayanin yadda Faransa ta yaƙi wannan a zamanin Louis na 14 cikin Giant of the Grand Siècle.

Uwar Biyu, Pantami

Sallama gare ku. Ni ma'aikaciyar jinya ce, maigidana ne mai tara irin waɗannan littattafai, ni kuma ina ɗauka in ya ajiye.

Yaya Ɗan Bariki, ka tambaya matansu suna ina. Suna nan tare da su a hanya. Shi wannan John Lynn da Malam ya ambata yana da wani ƙarami, Women, Armies, and Warfare in Early Modern Europe, na 2008, kuma shi zan ce ka karanta wa Inna. Ya nuna cewa kafin wajen 1650 runduna gari ce guda mai tafiya. Mata ke ɗaukar tukunya da shimfiɗa da yaro a baya, su yi wanki, su yi ɗinki, su yi jinya, su sayar da abinci, su haƙa rami in an kewaye gari. Tunda albashi ba ya zuwa, ganima ce abinci, macen kuma ita ke adana ta, ta san inda za ta sayar. Da gwamnatoci suka fara ciyar da soja da kansu sai aka rage matan ƙwarai.

Ta fannin aikina kuwa, abin da ya fi kashe su ba harsashi ba ne. Atini ne, da annoba, da zazzaɓin da ƙwarƙwata ke yaɗawa, da sanyi a kan yunwa. Akwai wata gunduma a arewacin Suwidin, Bygdeå. Tsakanin 1621 da 1639 an ɗebi samari 230 daga cikinta, 215 ba su dawo ba, biyar suka dawo da nakasa. Ka tsaya ka yi tunanin ƙauyen, wa zai yi noma, wa zai auri 'yan matan. A 2007 kuma aka tono wani kabari a Wittstock, inda aka yi yaƙi a 1636, da ƙasusuwan mutum 125. Likitoci sun ga alamun yunwar ƙuruciya a haƙoransu, da gaɓoɓin da tafiya ta cinye, da tsofaffin raunuka da suka warke. Talauci ne ya kai da yawansu soja tun farko.

Amma Malam, Allah ya gafarta maka, akwai abin da ka tsallake a kan Hagendorf, kuma ba zan iya yin shiru ba. Shi wannan mai zana gicciye don 'ya'yansa, shi ne ya rubuta cewa a Landshut a 1634 ya samu wata kyakkyawar yarinya a cikin ganimarsa, da za su tashi ya sallame ta. Layi ɗaya, kamar yana lissafa riga. Ita ma 'yar wani ce. Ba mu san sunanta ba, ba ta bar littafi ba. Manoman da aka ɗaure aka ɗura wa ruwan ƙazanta a baki don su faɗi inda suka ɓoye hatsi, su ma haka. Ka nemi zanen Jacques Callot na 1633, guda 18 ne, suna nan a intanet, ka ga yaƙin ta idon ƙauye.

A 2014 na karɓi matan da suka gudo Gombe daga Borno da Yobe, ƙafafunsu a fashe, wasu ba sa iya faɗin abin da ya same su sai dai su kalli bango. Tun daga lokacin ba na iya karanta "runduna ta sauka a gari kaza" ban tuna da su ba. Ka tausaya wa sojan, ya cancanta. Amma ka riƙe yarinyar Landshut a zuciyarka kana karantawa.

Jikan Bormi, Bajoga

Ban zo ɓata muku zance ba, na ƙaru sosai. Amma abin na ɗan sosa mini rai. Muna nan mun san sunan matar wani sojan Jamus da ya mutu shekaru fiye da 300, ba mu san sunan ko mutum ɗaya cikin 'yan baka da suka faɗi a Bormi ba, ga ta nan kusa da mu. Ranar 27 ga Yuli 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya a wurin tare da ɗaruruwan mutane. Kakata tana faɗin waƙoƙin abin, ba wanda ya rubuta, ta tafi da su.

Kuma zamanin da kuke magana ba Turai kaɗai ke da bindiga ba. Limamin Mai Idris Alooma na Borno, Ahmad ibn Fartuwa, ya rubuta yaƙe-yaƙen ubangidansa a shekarun 1570, ya ambaci 'yan bindigar Turkawa da bayin fada da aka koya wa harbi. A 1591 'yan bindigar Maroko ƙarƙashin Judar Pasha suka karya Songhai a Tondibi. Wanda ke son namu na baya-bayan nan, akwai Warfare in the Sokoto Caliphate na Joseph Smaldone, 1977, da bayanin lifidi da sulke da ganuwa da yadda ake raba ganima. Ku haɗa da shi don Allah.

Malamin Tarihi, Gombe

Hajiya, kin yi gaskiya, na karɓi gyara. Bai kamata in tsallake ba. Jikan Bormi, kai ma haka. Ga wanda ya tsaya tsakanin buƙatunku biyu: Osman Agha na Temesvár, sojan dokin Turkawa, Musulmi, wanda sojan Austriya suka kama a 1688 ya yi shekaru fiye da goma a hannunsu kafin ya kuɓuta. Giancarlo Casale ya fassara tarihinsa a 2021 da sunan Prisoner of the Infidels.

Ɗan Bariki, littafin na hannun direba, motar farko ta gobe.

Ɗan Bariki, Bauchi

Jama'a ku gafarce ni, kwana goma ban leƙo ba. Littafin ya iso lafiya, Malam, Allah ya biya ka. Na naɗe shi da takarda don kada yara su taɓa.

Na yi yadda Hajiya ta ce, sai dai da Hagendorf na fara tunda shi ke hannu. Bayan sallar isha'i nakan shiga ɗakin Inna in zauna bakin gado, in karanta layi in juya mata da Hausa. Daren farko ba ta ce komai ba, tana jan carbinta. Na karanta mata Magdeburg, ta ce, "Ai dole ta shiga, wa zai shigar mata?" Na karanta mata yarinyar Landshut, ban ɓoye ba. Ta daɗe shiru, sannan ta ce a bariki ma kowa ya san waɗanda suka dawo da abin da ba a tambayarsu.

Dare na uku muka iso inda yunwa ta kama rundunarsu, shi da matarsa ta biyu suka samu duwatsun wasa wuƙa guda biyu suka mayar da su dutsen niƙa, suka haƙa tanda a cikin ƙasa suka gasa burodi, suka ci har suka sayar. Nan Inna ta ajiye carbi ta tashi zaune. Ta ce ita ma da gwangwanin man gyaɗa da murhun duwatsu uku ta fara ƙosai a bakin kasuwar mami, lokacin da kuɗin Baba suka yi wata biyar ba su iso ba. Ta faɗi kuɗin mudun wake a shekarar, ta faɗi matar da ta ara mata kasko, da yadda matan layinsu ke taruwa duk ranar da aka ce jirgin ƙasa ya kawo masu rauni, kowace na leƙen fuska. Shekarata 50 da wani abu, ban taɓa jin ko ɗaya daga ciki ba.

Da na zo kan gicciyen nan masu lamba sai ta ce in tsaya. Ta ce in ɗauko wasiƙun. Uku na farko duk sun ƙare da "a shafa mini kan yaro," ta huɗun babu. Ni duk zatona ƙaninta ake nufi, wanda ta riƙa. Ashe wana ne. An haife shi kafin Baba ya tafi, baƙon dauro ya ɗauke shi a 1969 yana da shekara ɗaya da wata bakwai, makwabta suka yi masa sutura. Sai da ta nemi mai rubutu ta biya shi ya sanar da Baba. Da ya dawo bai tambaye ta ba, ita ma ba ta tayar ba, har ya rasu. Ta gaya mini sunansa, na rubuta a bayan wasiƙa ta huɗu.

Ta tambaye ni ko a cikin littafin akwai inda ita Anna ta yi magana da bakinta. Na duba daga farko har inda ta rasu, babu.

Jikan Bormi, tun daren nan nake kunna rikoda a waya in na shiga ɗakinta, da izininta. Mun kai awa shida. Baba Saje, in ba za ka damu ba ina so in zo Yelwa ranar Asabar bayan la'asar in gaishe ka, in zo da cokalin ka gani. Malam, zan riƙe littafin mako biyu nan gaba, don Inna ta ce sai mun kai inda ya je ɗauko yaron daga makaranta.